Layi, nakasa da kuɗi: rigimar da ta raba kan masoya wuraren wasan Disney

Ranar 9 ga Afrilu 2024 kamfanin Disney ya fitar da wata sanarwa da ta tayar da ƙurar da har yau ba ta kwanta ba tsakanin masoya wuraren shaƙatawarsa na Amurka. Sanarwar ta shafi tsarin da ake kira DAS (Disability Access Service), wanda ke ba wa masu nakasa damar hawa lilo ba tare da sun tsaya cikin dogon layi ba. Daga 20 ga Mayu a Walt Disney World da ke Florida, daga 18 ga Yuni kuma a Disneyland da ke Kalifoniya, aka taƙaita shi ga mutanen da ke da lalurar da ta shafi ci gaban ƙwaƙwalwa, irin galahanga da makamantanta, waɗanda ba za su iya jure dogon jira ba. Sauran masu lalura, komai tsananinta, aka ce su nemi wata hanya. Hujjar kamfanin ita ce masu amfani da tsarin sun ninka har sau uku cikin shekara biyar, kuma ba duka ne suka cancanta ba.

Wanda bai taɓa shiga irin waɗannan wurare ba zai iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Sai dai tambayar da ke ƙasan rigimar ba ta wasa ba ce: idan abu ya yi ƙaranci, mutane suka yi layi, wa ya kamata a ɗaga wa ƙafa, wa zai yanke wannan hukunci, kuma me ke faruwa idan mai wurin ya gano cewa tsallake layin ma haja ce da za ta shiga kasuwa?

Sai an fara fahimtar lissafin layin kafin a gane sauran. Magic Kingdom kaɗai, ɗaya daga cikin wuraren wasan Walt Disney World, wanda aka buɗe a 1971 kusa da birnin Orlando, ya karɓi baƙi sama da miliyan 17 a 2023. Tikitin yini ɗaya ya haura dala 100, a ranakun cunkoso kuwa yana kaiwa wajen 200. Kowane lilo yana da iyakar mutanen da zai ɗauka a awa, kuma wannan iyaka ƙarfe da injin suka yanke ta, ba manaja ba. A ɗauka wani lilo yana ɗaukar mutum 1,500 a awa. In aka buɗe ƙofa ta biyu aka ba ta kujeru 1,000, waɗanda ke babban layi 500 kawai suka rage musu, jiransu kuma ya ninka sau uku. Babu wata dabara da za ta haifar da kujera ta 1,501. Duk mutumin da ya wuce ta gajeriyar hanya, mai nakasa ne ko mai kuɗi, wani ne a baya ya biya da lokacinsa. Wannan shi ya sa uban da ya tara kuɗi shekara biyu don ya kawo 'ya'yansa, ya kuma share awa ɗaya da rabi a rana yana kallon wasu suna wucewa, ba ya kallon abin da idon rahama.

Akwai kuskuren da masu sukar DAS suka daɗe suna maimaitawa, cewa tsari ne na tsallake layi. Ba haka yake aiki ba. Uwa ta zo da ɗanta, allon bakin ƙofa ya nuna jiran minti 70. Ta buɗe manhajar kamfanin a wayarta, ta zaɓi wannan lilon, aka ba ta lokacin dawowa bayan kimanin awa guda. A wannan tsakanin sai ta kai yaron inuwa, su ci abinci, ko su zauna inda babu hayaniya. Lokaci ya yi, suka dawo, yaron ya fara ɗora abin hannunsa ko katinsa a kan na'urar, hotonsa ya bayyana wa ma'aikaci, fitila ta nuna kore, sannan sauran iyali suka bi. Jira an yi shi, a waje dai aka yi. Lilo ɗaya kawai ake iya riƙewa a lokaci guda. Amma kuma gaskiya ne cewa wanda ke jira a waje yana iya hawa wani ƙaramin lilo mai gajeren layi kafin lokacinsa ya cika, abin da na cikin layi ba zai iya ba. A nan ɗan fifikon yake, kuma a nan masu son banza suka hango ƙofa.

Ba yau aka fara ba. Kafin DAS akwai wani kati da ake kira Guest Assistance Card, wanda kusan kai tsaye yake shigar da mai shi ta ƙofar gaggawa, sau nawa ya ga dama. A watan Mayun 2013 jaridar New York Post ta ba da labarin wasu attajiran Manhattan da ke hayar masu nakasa a kan dala 130 a awa, su yi kamar 'yan uwansu ne, don yaransu su wuce layi. Labarin ya zama abin kunya, a watan Oktoban shekarar aka soke katin aka kawo DAS. Iyayen yara masu galahanga suka kai ƙara a 2014, suna cewa 'ya'yansu ba sa fahimtar "dawo an jima", kuma sabon tsarin ya saɓa wa dokar kare haƙƙin masu nakasa ta Amurka ta 1990. A wannan shari'a ne Disney ya gabatar da alƙaluman da har yanzu ake kafa hujja da su: a lilon Toy Story Mania, masu tsohon katin, waɗanda ba su wuce kashi 3 cikin 100 na baƙi ba, su ke cinye kusan kashi 30 na kujeru. Kotu a Orlando ta ba wa Disney gaskiya a 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2022.

To me ya sa tsarin da ya yi shekara goma yana aiki ya kumbura haka a 'yan shekarun ƙarshe? Masoya da yawa suna ɗora laifin a kan TikTok, inda wasu suka riƙa koya wa mutane kalmomin da za su faɗa don a amince musu. Wannan ya faru, ba a musu. Amma akwai abin da ya fi shi nauyi. Tun 1999 Disney yana da tsarin FastPass, wanda kowane baƙo zai karɓi lokacin dawowa kyauta. Da annobar korona ta rufe wuraren a Maris 2020, FastPass bai sake dawowa ba. A Oktoban 2021 aka maye gurbinsa da Genie+, dala 15 kowane mutum kowace rana a Florida, farashin kuma ya riƙa hawa gwargwadon cunkoso, manyan lilo masu farin jini ma sai an biya musu daban. A Yulin 2024 aka sake masa fasali da suna Lightning Lane Multi Pass, a Oktoban shekarar kuma aka fito da Premier Pass, tikitin bin gajeriyar hanya ba tare da jiran lokacin dawowa ba, wanda a Magic Kingdom yake kaiwa dala 449 ga mutum ɗaya a yini, ban da kuɗin shiga.

Duk wanda ya taɓa kwana a layin gidan mai lokacin ƙarancin fetur ya san yadda zuciya ke tafasa idan aka buɗe ƙofar fita ga wanda ya ba da na goro. Bambancin kawai shi ne a nan na goron yana da rasit. Tun daga ranar da gajeriyar hanya ta samu farashi, DAS ya daina zama sauƙi kawai da ake yi wa mai lalura, ya zama abin da za a iya ƙiyasta darajarsa da dala. Iyali mai mutum shida da suka zo kwana biyar, in sun samu DAS sun tsira da ɗaruruwan daloli. Mai ƙarya ya samu dalilin yin ƙarya. Mai lalura ta gaskiya wanda a da yake lallaɓawa da FastPass na kyauta ba tare da ya nemi komai ba, shi ma yanzu dole ya je ya yi rajista. Duka biyun sun shiga cikin wannan "ninki uku" da kamfanin ya ambata, kuma Disney bai fito ya rarrabe wa jama'a nawa ne na farko nawa ne na biyu ba. Ga shi kuma ƙofa ɗaya suke bi da waɗanda suka biya. Idan wannan ƙofar ta cika, hajar da ake sayarwa ta lalace. Ba na cewa kuɗi kaɗai ya sa aka tsuke tsarin, amma wanda ya cire kuɗi daga lissafin bai yi wa kansa adalci ba.

Masoyan da suka goyi bayan canjin ba mugaye ba ne, kuma hujjarsu tana da ƙafa. Da yawansu masu tikitin shekara ne da ke shiga wurin kamar gidansu, sun ga yadda ƙofar gaggawa ke tsayawa cik, babban layi kuma ya daina motsi. Suna cewa bayan canjin layuka sun fi tafiya. Suna kuma tuna wa mutane cewa kotu ta riga ta yarda cewa doka ba ta tilasta wa kamfani ya ba da sauƙin da zai birkita dukan tsarin wurin ba. Cikinsu har da iyayen yara masu galahanga, waɗanda ke cewa lokacin da ƙofar DAS ta cika da mutane, jiran minti 30 ko 40 a cikinta ya sa tsarin ya daina amfani ga yaran da aka yi shi dominsu. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, in ji su, kuma waken ya yi yawa.

Ɗaya ɓangaren kuma, waɗanda wasunsu suka haɗu ƙarƙashin sunan DAS Defenders suka tara dubban sa hannu a takardar koke, ba sa musun cewa akwai maƙaryata. Abin da suke tambaya shi ne me ya sa aka yi awon da irin lalurar maimakon irin buƙatar. Mai ciwon hanji da ke tura shi banɗaki ba sallama, mace mai faɗuwa in ta daɗe a tsaye, tsohon soja da cunkoso ke tayar masa da firgicin yaƙi, mai sikila da zafin Florida na watan Yuli da ƙishirwa za su iya kwantar da shi asibiti, mai shan maganin ciwon daji, duk waɗannan ba su shiga sabon ma'auni ba. Babu ɗayansu da ake gane lalurarsa da ido, shi ya sa tun asali su ne aka fi yi wa kallon tuhuma a bakin ƙofa.

Yadda ake tantancewar ma ya ƙara wa abin ɗaci. A Florida an daina yin rajista fuska da fuska, sai ta kiran bidiyo. Mutum zai zauna gaban waya, wani lokaci bayan doguwar jira, ma'aikaci ya bayyana ya tambaye shi me ke faruwa da shi idan yana cikin layi. Ba a karɓar takardar likita. In ma'aikacin ya rasa yadda zai yanke, sai ya jawo wani jami'in lafiya na kamfanin Inspire Health Alliance cikin kiran. Wato sai mutum ya buɗe wa baƙo sirrin jikinsa, ya faɗi abin da ko abokinsa bai sani ba, kuma yawan nasararsa ya dogara ga iya bakinsa. Mai kunya ko mai in'ina ya sha ƙasa, wanda ya haddace jawabi daga intanet ya wuce. Ga gargaɗi kuma a rubuce cewa duk wanda aka kama da ƙarya an haramta masa shiga wuraren har abada, tikitinsa ya tafi ba a mayar masa da ko kwabo. An kuma rage yawan masu shiga tare, har da mai lalurar, daga mutum shida zuwa huɗu, sai fa in iyali ne na kusa.

Wanda aka ƙi, ana ba shi shawarwari. Ya hau keken guragu ko ya yi hayar mai batir. Ya shiga layi, in ta matsa ya gaya wa ma'aikaci ya fita, sannan ya dawo ya haɗu da 'yan uwansa. Ko iyali su rabu, wasu su yi layi, shi ya jira a waje. A takarda suna da kyau. Amma a yi tunanin layi mai lanƙwasa cikin gini mai duhu, mutane ɗari uku a bayanka, ciki ya murɗa, kana ratsawa kana ba da haƙuri, sannan ka dawo kana ratsawa karo na biyu ana harararka ana zaton wayo kake. Wanda ya zo shi kaɗai, ko uwa da ƙananan yara biyu, wa zai riƙe musu wuri? Masoya da dama sun ce amsar ta danganta da ma'aikacin da ka tarar a ranar. A Fabrairun 2025 aka shigar da ƙara a wata kotun Kalifoniya a madadin waɗanda aka ƙi, ana tuhumar Disney da Inspire tare.

Nan ne wasu ke cewa a huta da wannan duka, a nemi takardar likita kawai. Haka ake yi a Disneyland na Faransa, inda sai an nuna shaidar hukuma ko ta likita. Universal, babban abokin hamayyar Disney a Orlando, ya koma amfani da katin wata cibiya mai suna IBCCES a 2023, inda ake ɗora takardu ta intanet kafin zuwa. Amma takarda ma tana da nata tarkon: a ƙasar da ganin likita ke da tsada, talaka mai lalura ya fi mai kuɗi maƙaryaci wahalar samunta, kuma akwai lauyoyin da ke ganin neman shaida kafin a yi wa mutum sauƙi ya saɓa wa dokar 1990. A Ingila abin ya zo a juye. Kamfanin Merlin, mai Alton Towers da Thorpe Park, ya yi yunƙurin a farkon 2026 ya cire waɗanda matsalarsu ita ce cunkoso, ciki har da masu galahanga, ya bar masu wahalar tsayuwa, sai da surutu ya yi yawa ya janye. Kamfani ɗaya ya riƙe waɗanda ɗayan ya so ya zubar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa layin da ake jawa tsakanin "ya cancanta" da "bai cancanta ba" ba daga littafin likita yake fitowa ba, daga yawan kujeru yake fitowa. Dokar Najeriya ta hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ita ma ta ce a fara sallamar mai nakasa a layi, amma ba ta tsira daga wannan tambayar ta wa zai tantance ba, musamman ga lalurar da ba a gani.

Sabbin lilo su ne inda duk waɗannan zaren suke haɗuwa, kuma a nan masoya suka fi rufe ido. Sabon lilo shi ke kawo mutane, shi ke da layi mafi tsawo, shi ake sayar wa gajeriyar hanya da tsada. Ranar da Universal ya buɗe lilon babur na Hagrid a Yunin 2019, an yi jiran da ya kai awa goma. Don kauce wa irin wannan Disney ya kawo layin cikin waya: ƙarfe bakwai na safe daidai kowa ya danna manhaja, cikin 'yan daƙiƙu gurabe sun ƙare. An yi amfani da layin wayar a lilon Rise of the Resistance daga 2019, da Cosmic Rewind a 2022, da TRON a 2023. A lokacin, mai DAS ma sai ya shiga wannan tseren yatsa kamar kowa. Ba a cika tambayar yadda makaho da ke amfani da manhajar karanta allo, ko mai rawar hannu, zai ci wannan tsere ba.

Sannan ga kujerar kanta. Masoya suna son sabon abu, sauri da juyi da zama irin wanda ba a taɓa gani ba, injiniyoyi kuma suna ba su. A Flight of Passage da aka buɗe a 2017 mutum yana hawa kamar babur, wani ƙarfe ya danne bayansa, wasu su riƙe ƙwaurinsa, in ba su kulle ba ba za a tashi ba. Shi ya sa ake ajiye kujerar gwaji a bakin ƙofa, inda mai ƙiba ko mai ƙafar roba zai gwada a gaban masu wucewa. A TRON an ɗan yi tunani, wasu jiragen suna da kujeru na zama daidai a bayansu, amma kaɗan ne, sai an jira su. Tsofaffin lilo masu tafiya a hankali, irin kwale-kwalen It's a Small World, suna da wanda keken guragu ke shiga kai tsaye. Da yawa daga cikin manyan sababbin kuwa sai mutum ya iya tashi daga kekensa ya koma kujera.

Ba kuma a raina batun tsaro ba. A 2011 wani tsohon sojan Amurka da ya rasa ƙafafunsa biyu a Iraƙi ya faɗo daga jirgin lilo a wurin wasan Darien Lake da ke jihar New York ya mutu, saboda abin riƙewar an ƙera shi ne don cinya da ƙafa. A Satumban 2025, wata huɗu bayan buɗe Epic Universe, sabon wurin wasan Universal, wani mutum mai shekara 32 da ke amfani da keken guragu ya mutu bayan hawa Stardust Racers. Da aka sake buɗe lilon a Oktoba, sai aka ƙara sharaɗin cewa mai amfani da keke sai in yana iya tafiya da kansa. Masu nakasa da suka daɗe suna hawa irin waɗannan lilo lafiya suka wayi gari an rufe musu ƙofa. Amma a ɗaya hannun, a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce wa Universal ba zai fake da umarnin maƙerin kaya kawai ya hana wani mutum da aka haifa da hannu ɗaya hawa a wurin wasan ruwa na Volcano Bay ba, sai ya nuna cewa hanin ya zama dole. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi, kuma a teburin zane ake cike shi, shekaru kafin a buɗe ƙofa. Layi ana iya gyara dokarsa gobe da safe. Kujerar da aka ƙera da ƙarfe za ta yi shekara talatin tana zaɓar wanda zai hau.

Abin da na fi gani a muhawarar masoyan shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Na cikin layi yana zargin na ƙofar gaggawa, mai lalurar da ake gani yana zargin mai wadda ba a gani, wanda aka amince wa yana jin kunyar wanda aka ƙi. Kaɗan ne ke tambayar kashi nawa na kujerun kowane lilo ake ware wa masu biya, alhali wannan adadi ne ke yanke tsawon jiran kowa, kuma kamfanin ba ya wallafa shi. Kaɗan ne ke tambayar me ya hana a sa benci, inuwa, da ƙofar fita a tsakiyar kowane sabon layi, abin da zai rage masu neman DAS ba tare da an tuhumi kowa ba. Disney dai ya ɗan sassauta a gefe-gefe: a farkon 2025 ya cire kalmar da ke nuna masu lalurar ƙwaƙwalwa "kaɗai" daga bayanin tsarin, kafin nan ya tsawaita wa'adin rajista daga kwana 120 zuwa 240, daga baya kuma ya kai shi shekara guda. Ma'aunin tantancewar kuwa yana nan yadda aka kafa shi a 2024, kuma Premier Pass da aka fara sayar wa masu kwana a manyan otal-otal ɗin kamfanin kawai, yanzu duk mai kuɗinsa yana iya saya.